Idan alheri ne ya cece mu, me ya kawo taimakon gajiyayyu cikin ibada?

Tambaya: Wani ɗan'uwa da aka sa kwanan nan a kwamitin jinƙai na ikilisiyarsu ya ce kullum ana wa'azi cewa ceto ta wurin alheri ne, ba ta wurin ayyuka ba, alhali Yakubu ya ce bangaskiya marar ayyuka matacciya ce. Yana so ya san ko taimakon gwauraye da marayu ibada ne, ko ƙari ne ga wanda ya ga dama, kuma yaya za su tafiyar da aikin ba tare da gunaguni ba.

Amsa: Salama gare ka, ɗan'uwa. Harshenmu ma ya riga ya kama hanyar amsar. Kalmar da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ɗauka don kyautar Allah da ba mu cancanta ba ita ce alheri, kuma ita ce kalmar da ake faɗa idan wani ya kai wa maƙwabciyarsa kwanon hatsi: ya yi mata alheri. Haka abin yake a Girkancin da Bulus ya yi rubutu da shi. Ka karanta 2 Korintiyawa sura 8. Kalma ɗaya ya yi amfani da ita don alherin Yesu Almasihu wanda ya zama matalauci dominmu a aya ta 9, da kuma gudummawar kuɗin da ake tara wa matalautan Urushalima a ayoyi 6 da 7 da 19. A Romawa 15:26 kuwa, da kalmar da muke fassarawa zumunta ya kira wannan gudummawar. A wurinsa abu guda ne ke gudana, daga Allah zuwa gare ka, daga gare ka zuwa ga mai bukata. Ruwan da ya shiga kwata bai fita ba, ya zama kududdufi.

Masu kafa hujja da Afisawa 2:8 da 9 yawanci suna tsayawa kafin aya ta 10, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyukan da Allah ya shirya tun da. Ayoyin uku numfashi ɗaya ne. Ayyuka ba su sayi ceto ba, amma su ne abin da aka cece ka ka yi. Yakubu ma ba da Bulus yake jayayya ba. Dukansu sun kawo Ibrahim, dukansu sun kawo Farawa 15:6. Bulus yana magana da masu cewa sai an yi kaciya an kiyaye Shari'a kafin Allah ya karɓi mutum. Yakubu kuwa yana magana da mutumin da ya ga ɗan'uwa ba tufa ba abinci ya ce masa ka sauka lafiya, ka ji ɗumi, ka ƙoshi, ya juya abinsa. Irin wannan yarda ta baki, in ji shi a 2:19, aljanu ma suna da ita. Bulus da kansa ya haɗa maganar a Galatiyawa 5:6: bangaskiya mai aikatawa ta wurin ƙauna. A kan wannan batu ne ikilisiyar Turai ta rabu a ƙarni na 16, har Martin Luta ya yi wa wasiƙar Yakubu kallon raini a 1522. Amma shi ɗin ne ya rubuta a 1520 cewa kyawawan ayyuka ba su mai da mutum nagari, sai dai nagarin mutum yana yin kyawawan ayyuka. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da Lutaran suka sa hannu a kan matsaya guda: da alheri kaɗai Allah yake karɓarmu, Ruhu Mai Tsarki kuma yana sabunta zuciya yana kiran mutum ga kyawawan ayyuka.

To, ibada ce ko ƙari? Ishaya 58 ya yanke wannan. Mutane suna azumi suna kuka Allah bai kula ba, sai aka ce musu azumin da Allah ya zaɓa shi ne a kwance sarƙar zalunci, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar gida, a suturta tsirara. A Matiyu 6 Yesu ya jera sadaka da addu'a da azumi a layi ɗaya, da gargaɗi iri ɗaya, kuma da sadaka ya fara. A Korinti ana cin Jibin Ubangiji wani ya ƙoshi har ya bugu, wani yana zaune da yunwa, Bulus ya ce musu wannan ba Jibin Ubangiji kuke ci ba. Ka lura da nauyin maganar: rashin kula da matalauci ya ɓata ibadar kanta. A Matiyu 25 kuma, waɗanda aka yaba wa ba su ma san sun yi wa Ubangiji wani abu ba, tambaya suke yaushe muka gan ka da yunwa. Wanda yake tara lada yana riƙe da lissafi, su kuwa ba su da shi, domin abin ya zama halinsu.

Kiristocin farko sun sa wannan aiki a tsakiyar sujadar Lahadi. Jastin Shahidi, da yake bayyana sujadar Roma wajen shekara ta 150, ya ce bayan karatu da wa'azi da addu'a da Jibi, dikonai suna kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba rabonsu, sannan masu hali su ba da abin da suka ga dama, a ajiye wurin shugaba don marayu da gwauraye da marasa lafiya da fursunoni da baƙi. A shekara ta 251 ikilisiyar Roma tana ɗauke da gwauraye da mabukata fiye da 1,500, da dikonai 7. A 362 Sarkin Roma Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya so farfaɗo da bautar gumaka, ya koka a wasiƙa cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Wajen 369, da yunwa ta faɗa wa Kafadokiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, Basil na Kaisariya, wanda ya zama bishop a shekara ta 370, ya sa aka riƙa dafa abinci ana rabawa, daga baya ya gina wurin jinyar marasa lafiya da kutare a bayan gari. Abin da ya iso ƙasarmu ke nan a asibitin Vom a 1922, da Garkida, da asibitin ido na Kano a 1943, da Galmi a Nijar a 1950, da makarantar makafi ta Gindiri a 1953.

Yanzu ga aikin da ke gabanka. Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta ciyar da kowa har wata uku. A watan Agusta 1617, a garin Shatiyon na Faransa, Fada Vincent de Paul ya yi wa'azi a kan wani iyali da ciwo ya kwantar da su duka. Kafin yamma mutane sun cika gidan da abinci. Ya duba ya ga rabin abincin zai lalace, bayan 'yan kwanaki kuma iyalin su koma yunwa. Sai ya tara matan garin ya raba musu kwanaki, kowace da ranarta. Wannan kuskuren ne ake maimaitawa a ikilisiyoyinmu. Ranar jana'iza gidan gwauruwa ya cika da shinkafa da jama'a, bayan wata biyu ba mai leƙawa. A Kirsimeti a raba atamfa da man gyaɗa, a Agusta kuwa, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, ba a ganin kowa.

Ka fara da mutanen kwamiti kafin kuɗi. A Ayyukan Manzanni sura 6 gunagunin farko a ikilisiya a kan rabon abinci ya tashi, kuma na yare ne: gwauraye masu jin Girkanci aka riƙa tsallakewa. Manzanni suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, kuma dukan bakwai ɗin sunayen Girkanci gare su. Wato an danƙa rabon a hannun ɓangaren da ya yi kuka. A ikilisiyar gari inda kabilu da yawa suke sujada da Hausa, idan kwamiti ya fito daga kabila ɗaya ko dangin fasto, gunaguni zai zo ko da an yi gaskiya. Mutum biyar ko bakwai sun isa, aƙalla biyu daga zumuntar mata, domin su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya. Fasto ya yi addu'a ya ba da shawara, amma kada kuɗin ya kwana a hannunsa. Wannan kariya ce gare shi.

Sannan kuɗin. Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 16 kowa ya riƙa ware wani abu ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada sai ya zo a fara tarawa. Ƙaramin baiko mai ɗorewa ya fi babban taron gidauniya sau ɗaya a shekara. Ikilisiyoyi da yawa suna ware baiko na musamman ranar Jibin Ubangiji, kuma hakan ya dace ƙwarai, domin ya ɗaure aikin a inda ya samo asali. Ko ta yaya aka tara, kada a zuba shi a asusun ikilisiya na gaba ɗaya. Da zarar an gauraya, ranar da kwanon rufi ya fara yoyo ko babban baƙo zai zo, da kuɗin gwauraye za a fara cewa a ranta, kuma ba ya dawowa. A buɗe masa asusu dabam mai sa hannun mutum biyu, mutum biyu da ba dangin juna ba su ƙirga baikon a gaban juna su rubuta nan take. Kada wani ya ce wannan rashin yarda ne da 'yan'uwa. Bulus, manzo guda, bai yarda ya ɗauki gudummawar shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka, ya ce domin a yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane. A garin Leisnig na Jamus a 1523, akwatin taimakon da Luta ya amince da tsarinsa makullai huɗu gare shi, mabuɗan a hannun mutane dabam-dabam.

Wa za a taimaka? A nan ne zuciya take rinjayar hankali. Wanda ya fi iya kuka a ƙofar ofishin fasto sau da yawa ba shi ne ya fi bukata ba, mai bukatar gaske kunya takan hana ta magana. Zumunta a ƙafa take: ku je gida, mutum biyu, mace da namiji ko mata biyu, kada namiji ya je gidan gwauruwa shi kaɗai ko da dattijo ne. Ku zauna, ku yi addu'a, ku saurara. Mutum nawa ke ci a tukunyar? Akwai gona? Yara nawa ke makaranta, nawa aka koro? Akwai mai ciwon da ke shan magani kullum? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kada ku yanke mata abin da take bukata kafin ta faɗa. 1 Timoti sura 5 ya sa nauyin farko a kan 'ya'ya da jikoki, ya ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni, kuma kada a nawaita wa ikilisiya don ta iya ɗaukar waɗanda ba su da kowa. Wani lokaci aikin kwamiti shi ne ya kira ɗan da ke aiki a birni ya tuna masa da uwarsa. Wani lokaci kuma babban taimakon ba na kuɗi ba ne: dangin miji sun ƙwace gona ko sun kwashe kayan ɗaki, abin da matar take bukata shi ne dattawa biyu su raka ta gaban dangin ko mai unguwa. Yakubu 1:27 ziyartar marayu da gwauraye cikin ƙuncinsu ya ce, kuma wannan na ciki.

Bukatun ba iri ɗaya ba ne, kuma haɗa su wuri ɗaya yana kashe asusu. Akwai na gaggawa, kamar tiyata ko gobara. Wannan ba ya jiran taron wata, sai a ba mutum biyu ikon fitar da kuɗi zuwa wani iyaka da aka amince, su kawo bayani daga baya. Akwai na dindindin, tsofaffi da naƙasassu marasa kowa, waɗanda za a ɗauka har ƙarshen ransu ba tare da gori ba. Akwai kuma masu ƙarfi a jika da abin yi ya kuɓuce musu. Su jari ko sana'a suke bukata, domin Bulus da ya yi ta tara wa matalauta shi ne ya ce a 2 Tasalonikawa 3:10 wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Ka lura, wanda ya ƙi, ba wanda ya rasa ba. Shari'ar kala a Littafin Firistoci 19 ta haɗa biyun da kyau: mai gona ba ya girbe gefen gonarsa, matalauci kuma da hannunsa yake tsinta, kamar yadda Rut ta yi a gonar Bo'aza. Kuɗin makaranta a biya makarantar kai tsaye a karɓi rasit, na asibiti ma haka. Idan aka miƙa a hannu a gidan da ba abinci, cikin tukunya zai shiga, kuma ba laifinta ba ne.

Zan daɗe kaɗan a kan hatsi, domin a nan ne ikilisiyar karkara take da ƙarfin da ba ta sani ba. Ranar godiyar kaka ana kawo masara da dawa da gero da wake, sai a yi gwanjonsu nan take da arhar kaka. Da an ware wani kashi an ajiye, da ya yi aiki ninki a damina. Ga lissafin: mutum ɗaya yana cin wajen giram 400 na hatsi a rana. Gida mai mutum biyar kilo 2 ke nan a rana, kilo 60 a wata, kilo 180 daga Yuli zuwa Satumba, wato kusan buhu biyu masu kilo 100. Idan kuna da gidaje goma kuma kuna son ɗaukar rabin cinsu a watannin nan, buhu tara kuke nema. Wannan adadi ne da za a iya faɗa wa jama'a a fili, kuma mutane sun fi bayarwa idan sun san abin da ake nema. Abin da ke ɓata aikin shi ne danshi da ƙwari da ɓera. Hatsin ya bushe sosai kafin a zuba. Gwaji mai sauƙi shi ne a sa busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. A yi amfani da buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, a ɗora a kan katako nesa da bango, kada a riƙa buɗewa. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin, don haka ba a bukatar magani, ƙaramin huji kuwa ya isa ya ɓata buhu. Ku guji ajiye hatsi da ƙwayar maganin ƙwari a ɗakin da mutane ke kwana, hayaƙinta yana kisa. Ɗakin ajiya ya zama da kwaɗo biyu da littafin shiga da fita. A raba wata-wata, kada a ba da duka lokaci ɗaya, domin buhu cikakke a gidan mabukaci yana jawo masu bin bashi da dangi.

Jari kuma yana da nasa tarkon. Idan ikilisiya ta zama mai ba da rance, wadda ta kasa biya takan daina zuwa sujada saboda kunya, sai a rasa kuɗin a rasa mutum. Ƙaramin jari a ba da shi kyauta, a haɗa ta da wata mai irin sana'ar ta riƙa duba ta, ko a sa ta cikin adashin zumuntar mata. Akuya tana da kyau inda akwai kiwo, cikinta wata biyar ne, kuma ana iya sharaɗin a miƙa 'yar akuya ta farko ga wani gida. Amma a yi mata rigakafi kafin a bayar, kuma a sani ranar da yaro ya kwanta ciwo akuyar ce za a fara kaiwa kasuwa, sai dai idan asusun gaggawa yana aiki.

Akwai abin da ke ci mini rai, dole in faɗa. Jera gwauraye a gaban majami'a, a ɗora musu buhu a ka, a ɗauki hoto a sa a Facebook, cin mutunci ne da sunan taimako. Yakubu sura 2 da maganar wulakanta matalauci a cikin taro ya fara. Wasu sukan kawo Matiyu 5:16, haskenku ya haskaka a gaban mutane. Ayar ta ƙare da cewa domin su ɗaukaka Ubanku, kuma mai maganar shi ne ya ce a sura ta gaba kada hagunka ta san abin da damanka take yi. Hanyar riƙe biyun ita ce lissafi a fili, sunaye a ɓoye. Duk wata uku ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, gidaje nawa aka kai wa hatsi, yara nawa aka biya wa makaranta. Littafin sunayen kuwa kwamiti kaɗai ke ganinsa, kuma ɗan kwamitin da ya kai labarin gidan wani ga matarsa ko abokinsa ya sauka.

Maƙwabcin da ba Kirista ba fa? Galatiyawa 6:10 ya ce a yi wa kowa alheri, musamman 'yan'uwa masu bi. Kalmar musamman tana nuna inda za a fara, ba ta rufe ƙofa ba. Misalin Basamariye ma a kan mutumin wata al'umma da wata ibada aka gina shi. Yawancin masu zuwa asibitin Galmi da na ido a Kano Musulmi ne, kuma ana yi musu magani su koma gida da addininsu. Kada a sa sharaɗin zuwa coci a kan kwanon hatsi. Wanda yunwa ta sa ya amsa, cikinsa ne ya amsa, kuma maƙwabta suna gane ƙugiya komai kyan abin da aka soka mata.

Ga ku 'yan kwamiti kuma. Aikin nan yana busar da zuciya. Za a yi muku ƙarya, wanda kuka fi wahala a kansa zai iya zaginku, wata rana kuma a zo da bukata ta gaske asusu babu komai. Mai yi don a gode masa ba ya kai shekara. A Yahaya 15 Yesu ya ce reshe ba ya 'ya'ya sai yana manne da itacen, saboda haka kada taronku ya zama na lissafi zalla. Ku buɗe da karatu, ku ambaci gidajen da ke littafinku ɗaya bayan ɗaya a addu'a kafin ku taɓa maganar kuɗi, kuma kada ziyara ta hana ɗan kwamiti sujada ko addu'ar gidansa. A sa wa'adin shekara biyu ko uku, a riƙa sauya rabin kwamitin a lokaci guda, don sababbi su tarar da waɗanda suka san gidajen. A taronku na farko ku raba unguwannin a tsakaninku, ku sa ranar da kowane mutum biyu za su kawo rahoton gidajen da suka shiga.